Babu Kamarsa: Yaya Ake Faɗinsa da Ingilishi?



A ɗan littafinmu na bana na zaɓi in yi bayani a kan kalmomin da ake amfani da su a Ingilishi in ana son a ce abu ya fita daban, ba shi da na biyu. Da gangan na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, don a nan Maraɗi in ka ce Turanci, tsoho zai ɗauka Faransanci kake nufi, ɗan kasuwar da ya saba zuwa Katsina da Kano kuma ya ɗauka Ingilishi ne.

Wani zai ce, mu da ke fama da nahawu da fiƙihu da Faransanci, ina ruwanmu da wannan? To, ai tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga jarrabawar BEPC da ta bak. Ga masu neman gurbin karatu a waje, waɗanda za a ce su rubuta wasiƙa su bayyana kansu. A duk waɗannan wurare tambayar kusan iri ɗaya ce: siffanta garinku, siffanta mutumin da ya burge ka, faɗa mana abin da ya bambanta ka da sauran masu nema. Mu kuwa yawancinmu guzurinmu bai wuce "very good" da "very nice" ba. Da su muke yabon malami, da su muke yabon kilishi. Mai gyaran takarda in ya karanta kaye arba'in duk "very good", ba abin da zai sa ya tuna da naka.

Tarkon da Faransanci ya ɗana mana

Uwar kalmomin nan ita ce "unique". Ingilishi ya aro ta daga Faransanci fiye da shekara 400 da suka wuce, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, inda tushenta yake nufin ɗaya. Danginta ne unit da union da uniform da university, duk akwai ɗaya a cikinsu. Rubutunta a harsunan biyu iri ɗaya ne, kuma nan matsalar take, domin ɗalibin da ya fara da Faransanci yana ganinta sai ya ce ai wannan ƴar gida ce.

Farko dai lafazi. A Ingilishi yuniik ake cewa, da ya'u a farko, a kuma ja gaɓar ƙarshe. Saboda wannan ya'un ne ake rubuta "a unique place", ba a rubuta "an unique place". An koya mana cewa kalma in ta fara da wasali an ake sa mata, gaskiya ne, amma kunne ne alƙali a nan, ido ba ya da ta cewa. Shi ya sa ake cewa a university, a uniform, amma an umbrella, an uncle.

Sai ma'ana. A Faransanci unique tana ɗaukar kaya biyu. Tana nufin abin da babu irinsa, tana kuma nufin abin da shi kaɗai ne a lissafi, kamar fils unique, ɗa tilo, ko sens unique, hanyar da mota ke bi ta gefe ɗaya kawai. Ingilishi ya raba kayan nan. Ɗa tilo "only child" ne ko "only son". Hanyar nan kuwa "one-way street". In ka rubuta "I am the unique son of my father", Bature zai fahimci cewa mahaifinka yana da ɗiya maza da yawa amma kai ne babu kamarka, wato ka yabi kanka ba da niyya ba. Haka "my unique problem is money" ba ta ba da abin da ake so. "My only problem" ake cewa.

Abin daɗin shi ne mu ɗaliban Larabci mun riga mun san wannan rabon. Wahiid, mai dogon wasali, shi ne only, shi ne tilo. Fariid shi ne unique. Littafin nan na adabi na Ibn Abdi Rabbihi, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a shekarar 940 Miladiyya, Al-Iƙdul Fariid, da aka mayar da shi Ingilishi The Unique Necklace aka sa masa suna. Don haka kafin ka rubuta unique, tambayi kanka da Larabci: wahiid nake nufi ko fariid? In wahiid ne, only za ka sa. Akwai kuma "sole", wadda ita ma tilo ce amma ta takardun ofis da kasuwanci, kamar sole heir, magaji tilo, ko sole agent, wakili ɗaya tak na kamfani a gari.

Ana cewa "very unique"?

Za ku ji ta a finafinai da bakin masu talla a intanet. Amma malaman harshe da yawa ba sa son ta, kuma a takardar jarrabawa gara a guje mata. Hujjarsu ita ce abu ko dai babu irinsa ko akwai, ba a cewa wannan ya fi wancan zama babu irinsa.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce gare mu. Ku tuna sharuɗɗan ismut tafdiil a darasin sarfu. Ɗaya daga ciki shi ne fi'ilin ya kasance mai karɓar fifiko. Shi ya sa ba a gina af'alu daga maata, don ba wanda ya fi wani mutuwa. To, unique irin maata ce. Ba a ce mata more unique ko most unique ko very unique. Abin da aka yarda da shi shi ne a ƙarfafa ta da "truly unique", wato da gaske babu irinsa, ko a rage ta da "almost unique", wato saura kaɗan. Misalin da ya fi dacewa da ita shi ne zanen yatsa, wanda ake dangwalawa wajen yin katin zaɓe: "Every fingerprint is unique."

Ni a ganina ma kalmar ta sha wahala a hannun masu shaguna. Ka shiga kowace kasuwa a Nijeriya ko Gana za ka ga Unique Tailoring, gaba kaɗan Unique Barbing Salon, gaba kuma wani Unique ɗin. Abin da ke kowane lungu ta yaya ya zama babu irinsa?

Akwai wani gini mai amfani ƙwarai: "unique to". Ma'anarsa abu a wuri kaza kaɗai ake samunsa. Misalinmu na gida shi ne raƙuman dawa na Kure, kan hanyar Yamai zuwa Doso. Irinsu na Afirka ta Yamma ne, da can suna yawo daga Senegal har tafkin Cadi, yau kuwa a daji ba su saura ko'ina ba sai Nijar. A tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 50 ba, daga baya da aka kula da su suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai su gandun dajin Gadabeji da ke cikin jaharmu. Ga jimla: "This giraffe is now unique to Niger." Ko a ce "It is found nowhere else." Wanda aka ce ya siffanta ƙasarsa ya rubuta wannan, ya faɗi gaskiya kuma ya yi amfani da kalmar a muhallinta.

Amma albasar Galmi fa? Ana noma albasa a ƙasashe da yawa, ita kanta irin Galmi an kai ta wasu ƙasashen ana shukawa. Abin da take da shi launi ne da yaji da ake gane ta da su. Kalmar wannan "distinctive" ce: "The Galmi onion has a distinctive colour and taste." Haka jar akuyar Maraɗi da jan gashinta. Distinctive tana da ƴan uwa biyu da ake rikita su da ita. "Distinct" na nufin abu biyu a rabe suke, kowa da kansa, kamar a ce Hausa da Zabarmanci two distinct languages ne. "Distinguished" kuwa ta manyan mutane ce, ita ce ake ji a wajen taro in mai jawabi ya ce distinguished guests, manyan baƙi. Kar wani ya je ya ce albasa distinguished ce, sai ka ce an naɗa mata rawani.

"Rare" ita ce naadir, abin da ake samu amma sai an tona. Tsohon littafin da aka rubuta da hannu rare ne. Ana haɗa ta da "scarce", alhali ba ɗaya ba ne. Scarce ta abin bukata ce da ya yi ƙaranci a wani lokaci, kamar ruwa a watan bazara ko hatsi kafin kaka: "Water is scarce in April." Ruwa ba rare ba ne, kowa ya san shi, ƙaranci kawai ya yi.

Sai "lone" da "solitary", na wanda ke tsaye shi kaɗai ba kowa kusa. Itaciyar Tenere ke nan, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin hamada, ayarin gishiri na gane hanya da ita, har wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973, aka kwashe gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai. Irinta na da yawa a wasu wurare, kaɗaicinta ne ya sa ta yi suna. "A lone tree in the desert."

Fita daban iri biyu ne

Wannan shi ne wurin da nake so mu fi natsuwa, don a nan ne mutum zai zagi wani yana zaton yabonsa yake. A Hausa in an ce wane ya yi fice, yabo ne. In an ce wane ya fita zakka, kowa ya san ba alheri ake nufi ba. Duk biyun fita daban ne. A ilimin hadisi ma mun ga haka: hadisi zai iya zama gariib, mai ruwaya ɗaya ya kaɗaita da shi, kuma ya inganta. Amma in aka ce shaazz ne, wato amintacce ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, an sauke shi daga sahun ingantattu. Larabawa har a karin magana sun yi wannan rabon. Nasiiju wahdihi yabo ne, zan dawo kansa. Juhaishu wahdihi kuwa, ɗan jaki shi kaɗai, zargi ne ga mai kafiya da ba ya jin shawarar kowa.

A Ingilishi kalmomin ɓangaren zakka su ne "odd", "strange", "weird" da "peculiar". Ta ƙarshen ce mai haɗari, don tana kama da particulier ta Faransanci, kuma tana da kwarjini a baki, sai ɗalibi ya ji kamar babbar kalmar yabo ce. In ka rubuta "My teacher is a peculiar man", ka ce malaminka wani irin mutum ne, halinsa sai shi. In mushen Ingilishi ne ke gyaran takardar, to ka san abin da ka jawo. Amma in aka bi ta da to, sai dafin ya fita: "a custom peculiar to the Tuareg", al'adar da Buzaye suka keɓanta da ita, daidai take da unique to.

Odd tana da fuska ta biyu marar laifi, ta lissafi. Odd number shi ne adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, wutiri ke nan, even number kuma shafa'i. Daga nan aka sami "the odd one out", wanda ya saura ba abokin haɗi, ko wanda bai dace da sauran ba. Malaman Ingilishi suna son ta a jarrabawa: a ba ka mango, orange, banana, goat, a ce ka fitar da odd one out. In mutum ne aka kira haka cikin abokai, saniyar ware ya zama.

"The black sheep of the family" ita ce zakkar gida daidai wa daida. Baƙar tunkiya cikin farare. Kar farin jinin da baƙin rago zai iya yi a kasuwar layya ya ruɗe ku, a Ingilishi wannan magana ba ta taɓa zama yabo. Haka "to stick out like a sore thumb", fitowa fili kamar kumburarren babban yatsa, ta wanda ya fita daban ta hanyar da ke jawo kallo da kunya ce, kamar wanda ya zo zaman makoki da kayan ƙwallo. Ƴar uwarta ta yabo ita ce "to stand out", ko a cika ta "to stand out from the crowd", ya yi fice cikin taro. Ku lura, stand da stick ne kawai bambancin farkonsu.

Ɓangaren yabo yana da yalwa, ba sai na daɗe a kai ba. "Exceptional" da "remarkable" da "extraordinary" duk Faransanci ya ba mu makullinsu. "Outstanding" daga stand out ta fito, fitacce, ita ce ake rubuta wa ɗalibin da ya yi zarra. Sai dai ƴan kasuwa su kula, outstanding debt bashin da ba a biya ba ne, ba wai bashi mai kyau ba. Akwai kuma jerin da ke kore kishiya: "unrivalled", "unequalled", "unparalleled", "matchless", "peerless". Duk laa naziira lahu suke cewa, gagara gasa. Masu nauyi ne, na rubutu ne, ba a hira da su a bakin titi. In ka sa ɗaya a insha'i ta isa.

Karin maganarsu da namu

"One of a kind", ɗaya ne a irinsa. Wannan ita ce mafi sauƙi da aminci, ana faɗinta ga mutum ana faɗinta ga abu. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka zalla aka gina ta, tana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. "The minaret of Agadez is one of a kind."

"One in a million", ɗaya cikin miliyan. Mu muna cewa ɗaya tamkar da dubu, amma in kun duba da kyau lissafin ya sha bamban. Namu yana auna nauyi, mutum guda ya tsaya a madadin dubu. Nasu yana auna wahalar samu, sai ka bincika miliyan kafin ka sami guda. Sun fi faɗinta ga mai kirki da taimako: "My grandmother is one in a million."

"Second to none" tana tsorata masu koyo saboda second da ke ciki, sai su ɗauka na biyu ake nufi. Ma'anarta ba ya bayan kowa, wato na ɗaya ne. "Her cooking is second to none."

"Head and shoulders above the rest", kansa da kafaɗunsa sun ɗara na sauran. Ya kere tsara, ya yi musu fintinkau. In ratar ba ta kai haka ba sai a ce "a cut above the rest", ya ɗan ɗara su. In kuma ta wuce misali, "in a class of his own", ajinsa daban, ba a ma haɗa shi da kowa. Ga mace her own za a ce, ga abu its own. Wannan ƙaramin lamirin yana cin maki. Na nemi wadda ta yi daidai da kallabi tsakanin rawuna, a ganina tamu ta fi duk abin da za a jera, don ta faɗi fice ta kuma faɗi cewa mace ce cikin maza a kalma uku.

Wadda ta fi burge ni ita ce "They broke the mould when they made him." Mould shi ne ƙoƙon da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki ya ɗauki siffa. Ma'anar maganar: da aka gama yin wane sai aka fasa abin zubin, don haka ba za a sake irinsa ba. Wanda ya taɓa ganin yadda maƙeran azurfa ke yin abin wuyan nan na Agadas ta tsohuwar hanya zai gane ta nan take. Da kakin zuma maƙeri ke fara siffanta shi, ya lulluɓe da laka, ya sa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbi. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce, ba yadda za a fitar da ita sai an fasa lakar. Kowane guda da nasa ƙoƙon, kuma ƙoƙon ba ya aiki sau biyu.

Yanzu ku ajiye ta kusa da nasiiju wahdihi. Larabawa sun ce tufa in ta kai matuƙa a daraja, ita kaɗai ake saƙawa a kan masaƙarta, ba a haɗa ta da wata. Bature ya je maƙera, Balarabe ya je masaƙa, magana ɗaya suka ɗauko. In kuna fassara tarihin wani malami kuka ci karo da nasiiju wahdihi, kar ku ce "woven alone", ba wanda zai gane. One of a kind za ku sa, ko in a class of his own. Haka durratun yatiimah, lu'ulu'un da babu irinsa, wanda daga irin wannan ma'ana Sa'alabi ya sa wa littafinsa suna Yatiimatud Dahr. In ka ce "orphan pearl" ka mayar da yabo abin tausayi. A unique pearl ake cewa, ko a matchless pearl.

Hattara ɗaya: "to break the mould" in ta zo ita kaɗai, ba tare da when they made him ba, ma'anarta ta sauya. Tana nufin mutum ya karya tsohuwar al'ada ya zo da sabon salo, kamar yarinyar da ta zama ta farko a danginsu da ta karanci likitanci: "She broke the mould."

Ga abin da ba a cika samu ba akwai "few and far between", kaɗan ne kuma nesa da juna, kamar rijiyoyi a hanyar hamada. Ga abin da ba ya faruwa sai an jima akwai "once in a blue moon". Wata ba ya yin shuɗi, suna ne kawai. Yadda aka fi fassara shi a yau, blue moon shi ne in wata ya cika sau biyu cikin watan Miladiyya guda, abin da ke faruwa duk bayan shekara biyu zuwa uku, saboda zagayen wata kwana 29 da rabi ne, watanninsu kuwa 30 ko 31. A lissafin Hijira wannan ba zai taɓa faruwa ba, don kowane wata namu cikarsa ɗaya ce, a tsakiyarsa. Da a kalandarmu aka ƙirƙiri maganar da ma'anarta ta zama har abada.

Kishiyoyin kuwa, abin da muke kira gama-gari shi ne "ordinary" ko "common" ko "run-of-the-mill". Abin da ya yi yawa har ya rasa daraja, kamar jamfa a Jos in ji ƴan Nijeriya, mutanen Amurka suna ce masa "a dime a dozen", dozin guda a kan ɗan ƙaramin kuɗinsu na santi goma, mutanen Ingila kuma "ten a penny". Mu da sai mu ce goma dala. In mutum biyu sun yi kama kamar an tsaga kara, "like two peas in a pod".

Akwai wata magana da nake so mu yi taka-tsantsan da ita, "the one and only". Masu gabatar da mawaƙa da ƴan wasa a dandali suna kwarara ta kafin su kira suna. Mu kuma mun san cewa malamai sun bambanta waahid da ahad, cewa ahad a matsayin siffa ta tabbatarwa Allah kaɗai ake yi wa ita. Masu fassara zuwa Ingilishi sukan sa One da babban harafi, wasu su ƙara and Only. Bature in ya faɗe ta ga mawaƙi ba aƙida yake nufi ba, salon talla ne. Duk da haka ni dai ba na jin daɗin sa ta ga ɗan Adam, tunda ga one of a kind nan tana biyan bukata.

In an zo rubutu

Wanda ya haddace duk waɗannan zai ji kwaɗayin zuba su gaba ɗaya a shafi guda. Kar a yi. Karin magana kamar yaji ne a tuwo. A insha'i mai layi ashirin, guda ɗaya ko biyu sun isa, kuma kowanne a biyo shi da dalili. "My town is unique" ba ta gaya wa mai karatu komai ba, don kowa haka zai ce da garinsu. Amma in ka ce "Maradi is known for its red goat, whose skin is prized for fine leather", ka ba shi abin da zai riƙe, ko ba ka ambaci unique ba.

A wasiƙar neman gurbin karatu abin ya fi tsanani. Tarbiyyarmu ta hana mu yabon kai, takardar kuma tana cewa faɗi abin da ya bambanta ka. Wasu sai kunya ta sa su rubuta ba su da komai, wasu kuma su zarce su ce "I am second to none", wanda ko a wurin Turawan girman kai ne. Akwai hanya a tsakiya, ita ce ginin nan "What sets me apart is", abin da ya bambanta ni shi ne, sai ka kawo abin da kowa zai iya bincikawa ya tabbatar. Misali: "What sets me apart is that I have studied in Arabic and French, I speak Hausa at home, and I am now learning English." Mu a nan ba ma ganin wannan a bakin komai don duk ajin haka muke, amma a teburin da takardu suka taru daga ƙasashe da yawa, ɗalibi mai harshe huɗu ba gama-gari ba ne. Wanda ya sauke Alƙur'ani ko ya haddace shi ya faɗa, da shekarar da ya yi. Wanda ke koyar da ƙanana a makarantar dare ya faɗi su nawa ne.

Ga aikin hutu ga mai so. Ka ɗauki bik da kaye ka gyara waɗannan jimloli huɗu, kowace da kuskure ɗaya a ciki: "She is the unique daughter of her mother." "Our headmaster is a very peculiar and respected man." "Millet is rare this year because the rain stopped early." "My brother passed all his exams, he is the black sheep of our family." Bayan haka ka zaɓi mutum ɗaya a gidanku, kaka ko yaya ko ƙanwa, ka rubuta layi biyar a kansa da Ingilishi, da karin magana guda ɗaya tak da dalilinsa, ba tare da very good ko very nice ba. In an koma makaranta sai mu karanta wa juna, mushen Ingilishi ya raba gardama.